Ƙaramin jirgi da jirgin yaƙi a sarari ɗaya: ya ake kauce wa karo?

Ɗalibin Tuƙi:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan hatsarin Moncks Corner ne, a jihar Karolina ta Kudu ta Amurka, ranar 7 ga Yulin 2015. Jirgin yaƙi F-16 ya yi karo da ƙaramin Cessna 150, uba da ɗansa da ke cikin Cessna suka rasu, matuƙin sojan ya sauka da lema. Da hantsi ne, gari garau, taransifondan Cessna (na'urar da ke amsa wa rada da lambar jirgi da tsayinsa) a kunne, ana ganin jiragen biyu a rada. Kamar dai duk abin da ake koyarwa an yi shi. To ina aka kuskure? Kuma me mai ƙaramin jirgi zai yi a aikace, ban da a ce masa ya riƙa dubawa?

Tsohon Kwantirola:
Wa alaikumussalam. Ɗana, ba duka aka yi ba. Ga yadda hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta jera abin. F-16 ɗin daga sansanin Shaw ya taso, yana atisayen sauka da na'urori. An sauko da shi ƙafa 1,600 zai nufi filin Charleston, hancinsa a kan digiri 260. Shi kuwa Cessna bai fi 'yan mintoci da tashi daga ƙaramin filin gundumar Berkeley ba, yana cikin hawa. Bai kira kwantirola, mai kula da zirga-zirgar jirage, a rediyo ba, kuma doka ba ta tilasta masa ba a wannan sararin. Kwantirola ta gan shi tun tasowarsa, amma ta ɗauka zagayen filinsu zai yi ya koma ya sauka.

Sai da tazara ta rage mil biyu ta shaida wa sojan cewa akwai jirgi a gabansa kai tsaye, a ƙafa 1,200. Sannan ta ce ya juya hagu zuwa 180 idan bai hango shi ba. Umarni mai sharaɗi ke nan, ga mutumin da bai da sakan arba'in a hannu. Shi kuma ya tambaya ko mil biyu aka ce. Ta maimaita, ta ƙara da cewa nan take. Ya juya, amma da otofailot, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, juyi na sannu irin na mai bin na'urori, alhali ita tana tsammanin zai murɗa jirgin irin murɗar jiragen yaƙi. Daga 260 zuwa 180 digiri 80 ne. A digiri uku kowane sakan, ana neman sakan 27. Juyin hagun nan bai fitar da shi ba, kan hanyar Cessna ya kai shi.

NTSB ta ɗora babban dalili a kan kwantirola, ta kuma ambaci gazawar dogaro da ido kaɗai. Amma tunda kai ƙaramin jirgi kake tuƙawa, ga naka rabon: kira guda a rediyo bayan tashi, a nemi bibiyar rada, wato kwantirola ta riƙa bin jirgin a allo tana faɗin jiragen da ke kusa. Da an yi shi, da ta san inda Cessna ya nufa da tsayin da zai hau, kuma da tana da mutum biyu da za ta juya, ba ɗaya ba.

Mai Fiffike:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Bari in kawo lissafin, don ɗalibinmu ya ga abin da ya sa "ka riƙa dubawa" ba ta isa ba. Duk inda na ce mil, na jiragen sama nake nufi, kilomita 1.852.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, tana da wani tsohon ƙiyasi na lokacin da mutum ke buƙata daga ganin abu zuwa jirgi ya gusa daga wurin: sakan 0.1 ido ya kama, sakan 1 ka gane jirgi ne, sakan 5 ka fahimci karo za ku yi, sakan 4 ka yanke hagu ko dama, 0.4 hannu ya motsa, sakan 2 jirgi ya amsa. Jimla 12.5. Tara daga ciki a ƙwaƙwalwa suke ƙarewa, ba a hannu ba.

Jirgin yaƙi a hanyar atisaye ta ƙasa-ƙasa yakan yi gudun mil 420 a awa, wato mil bakwai kowane minti. Kai kana 100. In gaba da gaba ne, tazarar na raguwa da mil 520 a awa, kusan mita 267 kowane sakan. Ninka da 12.5, ka samu kilomita 3.3. Ke nan in ba ka gan shi ba tun yana nisan kilomita uku da 'yan kai, ganin da za ka yi masa daga baya ba zai amfane ka ba. Faɗin F-16 daga fiffike zuwa fiffike kusan mita 10 ne, kuma daga gaba fiffiken siriri ne, gangar jikin kawai ake gani. A wannan nisan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na digiri ɗaya ba. Babban yatsanka, in ka miƙe hannu, yana rufe kusan digiri biyu. Ga shi an yi masa fenti ruwan toka da gangan don kada a gan shi.

Abin da ya fi muni: jirgin da za ku yi karo da shi ba ya motsi a gilashinka. In ku biyun kuna tafiya a miƙe, ba wanda ke canza gudunsa, kusurwar da ke tsakaninku ba ta canzawa. Yana nan wuri guda kamar kashin ƙuda a gilashi, sai a sakan biyu ko uku na ƙarshe ya kumbura ya cika gaba. Gefen ido kuwa motsi yake kamawa. Wanda ka ga yana ratsa gilashi daga wannan gefe zuwa wancan zai wuce ka. Wanda ya tsaya cak shi ne naka.

Ɗalibin Tuƙi:
To Kyaftin, in haka ne ai duban ma wahalar banza ce.

Mai Fiffike:
A'a, kar ka kai nan. Ba kowane karo ne gaba da gaba ba, kuma yadda ake duban ma yawancin mutane ba su iya ba. Ido ba ya gani yayin da yake yawo, sai ya tsaya. Raba sararin gabanka gida-gida, kowane kada ya wuce digiri 10, ka tsaya a kowane aƙalla sakan ɗaya, daga hagu zuwa dama, tare da digiri 10 sama da ƙasa da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Sakan huɗu ko biyar a kan na'urori, sakan 16 a waje, haka littafin FAA ya ba da shawara. In sararin fayau ne babu girgije, ido yakan saki jiki ya daidaita a nisan ƙafa 10 zuwa 30, kana kallon waje amma ba ka ganin komai. Maganinsa ka kafa ido a kan wani abu mai nisa a ƙasa, tsauni ko hanya, sannan ka ɗago.

Motsa kai, ba ido kaɗai ba. Ƙarfen da ke gefen gilashi, in faɗinsa ya wuce tazarar idanunka biyu, kusan santimita 6.5, yana iya ɓoye jirgi daga nesa har ya iso. Cessna fiffikensa a sama yake, in ka juya hagu fiffiken hagu ya rufe maka inda za ka. Ɗaga shi tukuna ka leƙa, sannan ka karkata. A hawa hanci na rufe gaba, don haka kowane ƙafa 500 ka ɗan sauke shi, ko ka yi 'yar karkata hagu da dama. A wanke gilashi kafin tashi. Gilashin da ya cika da gawar ƙwari yana koya wa ido ya raina ɗigo.

Injiniyan Hanga:
Ni duk wannan doguwar magana ta ido ta zamanin da ce. Tun 1 ga Janairun 2020 Amurka ta wajabta na'urar ADS-B mai aikawa a sararin manyan filaye, da cikin mil 30 na mafi girmansu, da sama da ƙafa 10,000. Jirginka na faɗa wa duniya inda yake kowane sakan. Ka ƙara da 'yar na'ura mai karɓa, wadda ke kama zango biyu na rediyo, megahaz 1090 da 978, ka haɗa da allon hannu, ka sa faɗakarwar murya ta shigo cikin abin kunnenka. Cessnan Moncks Corner ba shi da ita. Da yana da ita, da ya san akwai abin da ke tahowa tun kafin ido ya iya gani. Kuɗinta bai kai na awoyi kaɗan na hayar jirgi ba.

Sai dai a kula da gyara. Taransifonda a kan ALT, ba ON ba, in ba haka ba babu tsayinka a allon kowa. A Amurka duk wata 24 ake gwada shi. Eriyarsa a cikin jirgi take, daga ƙasa, inda mai da hayaƙin inji ke taruwa. In ta yi kauri da datti ƙarfin siginar ya ragu, a goge ta. Lambar da masu tafiya da ido, ba da na'urori ba, ke sawa a taransifonda 1200 ce a can, a Ingila da Turai 7000.

Ɗan Barikin Sama:
Injiniya, na yarda a sayi na'urar, amma kar ka sa yaro ya kafa kai a allo yana zaton duk abin da ke sama yana ciki. Da jiragen soja akwai ramuka.

Na farko, ba kowane jirgin soja ke aika ADS-B ba. Wasu tsofaffi ba a saka musu ba, wasu kuma doka ta ba su damar kashewa in aikin na sirri ne. Helikwaftan Black Hawk da ya yi karo da jirgin fasinja a kan kogin Potomac ranar 29 ga Janairun 2025, inda mutum 67 suka rasu, ba ya aikawa. In jirgi ba ya aikawa, za ka gan shi ne kawai in radar ƙasa ta kama taransifondansa aka turo maka ta TIS-B, tsarin da ke aiko wa allonka abin da rada ta gani. Wannan kuwa sai kana da naka ADS-B mai aikawa ake yanka maka naka yanki, mil 15 kewaye da kai, ƙafa 3,500 sama da ƙasa. Radar nesa tana ɗaukar sakan 12 kafin ta zagayo. A sakan 12 jirgi mai gudun 420 ya ci mil 1.4. Abin da kake gani a allo inda yake ɗazu ne. A cikin kwari kuwa, ƙafa 500 daga ƙasa, radar ma ba ta ganinsa sam.

Na biyu, jiragen yaƙi ba sa tafiya su kaɗai. Biyu ne ko huɗu, kuma bisa al'ada jagora ne ke kunna taransifonda, na sauran ba sa amsa wa rada. Ɗigo ɗaya a allonka na iya zama jirage huɗu, kuma na gefen yana iya kasancewa mil ɗaya ko fiye a haƙarƙarin jagoran, ko a bayansa. Duba Bradenton ta Florida, 16 ga Nuwamban 2000. F-16 biyu na saukowa za su shiga hanyar atisaye, na'urar gano wuri ta jagoran ta kauce da kusan mil goma, suka faɗa sararin filin Sarasota ba izini, da gudun kusan mil 400. Na biyun ne ya bugi Cessna 172, matuƙin Cessna ya rasu. In ka ga ɗaya ya wuce, kar ka bi shi da kallo kana sha'awa. Juya nan take ka nemi ɗan'uwansa.

Na uku, mutane na cewa ai suna da rada a hanci, za su gan ni. Radar jirgin yaƙi an gina ta ne ta tace abin da ke ƙasa, don kada tsaunuka da motoci su cika allo. Ƙaramin jirgi mai tafiyar hawainiya, ƙasa-ƙasa, musamman in ratsawa yake ta gefe, tana iya zubar da shi tare da tarkacen. Kuma yawancin jiragen yaƙi ba su da TCAS, na'urar gargaɗin karo irin ta jiragen fasinja. Manyan jiragen dako irin C-17 suna da ita. Rediyo ma ba lallai ku haɗu ba: su a zangon UHF suke, megahaz 225 zuwa 400, kai kana VHF, 118 zuwa 137. Kwantirola ne kaɗai ke jin ku duka biyu.

Injiniyan Hanga:
Yallaɓai, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma bai rushe maganata ba. Ramin da ke cikin na'ura bai kai ramin da ke cikin ido ba, ai mun ga lissafin Kyaftin. Kuma rabin amfaninta ba kai ka gani ba ne, a gan ka ne. Jiragen yaƙi da dama suna da na'urar da ke tambayar taransifonda, ko da radarsu ta tace ka. Wanda ya kashe taransifonda don kada a san ya ɗan taɓa gefen wani sarari, kansa ya cuta. Haka fitila. Fitilar sauka ta LED ba ta cin wuta kuma ba ta saurin ƙonewa irin tsohon ƙwai, a bar ta kunne duk tafiyar ƙasa da ƙafa 10,000, tare da masu walƙiya.

Malama Taswira:
Ku duka kun hau sama kuna faɗa, alhali yawancin aikin a kan tebur ake gama shi kafin a kunna inji. Sojojin Amurka ba ko'ina suke gudu ba. Dokar gama-gari ita ce mil 250 a awa ƙasa da ƙafa 10,000, kuma wuraren da aka ware musu su wuce haka suna kan taswira.

Hanyoyin atisaye siraran layuka ne ruwan toka, da kibiya mai nuna inda ake dosa. IR ana binta da na'urori ƙarƙashin kwantirola. VR da ido ake binta, kuma sai gani ya kai mil biyar, girgije ya kai ƙafa 3,000. Ƙirga lambobin da ke jikin sunan. In huɗu ne, kamar VR-1098 da jiragen Bradenton suka nufa, babu ɓangaren da ya wuce ƙafa 1,500 daga ƙasa. In uku ne, akwai ɓangaren da ya haura haka. Inda ɗalibai ke ruɗewa shi ne faɗi. Layin da ke taswira tsakiya ce kawai, hanyar kanta tana iya kai mil da yawa kowane gefe, kuma ba lallai gefen biyu su zo daidai ba. Faɗin da tsayin kowane ɓangare suna cikin littafin sojan da ake kira AP/1B, manhajojin tuƙi ma suna nunawa in ka danna layin.

Ga yadda ake yi. Ja layin tafiyarka, ka yi alama a duk inda ya ratsa layi ruwan toka. Kira ofishin bayanan matuƙa da ke cikin mil 100 na hanyar, ka tambayi ko tana aiki da lokacin. Ka ratsa ta a miƙe, digiri 90, don ka gajarta zamanka a ciki: hanya mai faɗin mil 10, a gudun 100, minti shida ce. Kada ka bi ta a tsaye kamar titi, komai kyan kwarin. In mai lamba huɗu ce, ka hau ƙafa 2,500 ko 3,000 daga ƙasa ka wuce ta sama, magana ta ƙare. Daga ƙasa na ce, ba daga teku ba. In ƙasar wurin tana ƙafa 4,000, altimitarka, na'urar auna tsayi, sai ta nuna 6,500 zuwa 7,000. A saita altimitar kuma, kuskuren hektofaskal 10 a saitin matsin iska kusan ƙafa 280 ne.

Sai yankunan atisayen soja da ake kira MOA, masu shinge ruwan hoda mai duhu, ƙasa da ƙafa 18,000. Masu shuɗin shinge da harafin R ba a shiga sai da izini in suna aiki. A gefen taswira akwai jadawali: ƙasan yankin da samansa, ranaku da awoyi, da zangon rediyon mai kula da shi. A karanta har ƙarshen layi, don sau da yawa akwai ƙarin cewa ana buɗewa a wasu lokutan ta NOTAM, wato sanarwar da ake fitar wa matuƙa. Asabar ba ta nufin babu kowa, dakarun wucin gadi a ƙarshen mako suke atisaye.

Baban Yara:
Malama, MOA dai doka ta halatta wa mai tafiya da ido ya ratsa ba izini. Wasu yankunan a yammacin Amurka kewaye su ƙarin awa guda ne da mai. In na riƙe tsayin da doka ta ce, dubu mara da ɗari biyar in gabas, cika da ɗari biyar in yamma, me ya rage?

Ɗan Barikin Sama:
Alhaji, halal ne, amma wannan ƙa'idar tsayin tsakaninku ce ku masu tafiya a miƙe. Wanda ke atisayen faɗa a sama ba shi da tsayi. A gudun mil 400, in ya ɗaga hanci digiri 30 kawai, yana cin ƙafa 330 da wani abu kowane sakan. Tazarar ƙafa 500 ɗinka sakan ɗaya da rabi ce. Kuma idonsa na kan abokin karawarsa, wani lokaci ta bayan kafaɗa yake kallo. Da dare wasu yankunan an ba su izinin kashe fitilu gaba ɗaya.

Kira mai kula da yankin tun kana mil 15 ko 20. In ya ce babu kowa, wuce abinka. In ya ce ana aiki, tambaye shi wane tsayi suke amfani da shi. Sau da yawa sama suke, ƙasan a buɗe yake, ko ya ce ka bi ta gefe kaza. In ka kutsa shiru, da zarar an gan ka za a tsayar da atisayen har ka fice, mai na ƙonewa. Ranar da ba a gan ka ba ita ce matsalar.

Na Ingila:
A Birtaniya tsarin ya sha bamban, ya kamata a sani. Babu layukan hanya a taswira, kusan duk ƙasar a buɗe take ga jiragen soja daga ƙafa 2,000 zuwa 250, a yankuna uku ma har ƙafa 100. Mafi yawansu tsakanin 250 da 500 suke, a ranakun aiki. Don haka tsayi ne kariyarka: sama da 2,000 in zai yiwu, in ba zai yiwu ba aƙalla sama da 1,000.

Haɗurran da suka yi sun yi kama da juna. Agustan 1991 a Carno ta yankin Wales, jirgin yaƙi Jaguar da Cessna 152 mai ɗaukar hoto. Yunin 1993 kusa da Kendal, jirgin yaƙi Tornado da helikwafta mai duba bututu, mutum biyu suka rasu. 21 ga Janairun 1999 a Mattersey, Tornado da wani Cessna 152, shi ma ɗaukar hoto, mutum huɗu. Duka ƙananan jiragen suna ƙasa-ƙasa, suna aikin da ke sa ido kallon ƙasa. Mai zagaya gida yana ɗaukar hoto ba ya duban sama, kuma ya daɗe a wuri guda. Duk aikin da ya ƙunshi hoto, ƙirgar dabbobi ko duba layin wuta, a sa mutum biyu, ɗaya tuƙi da duba waje kawai. Suna da tsarin sanarwa da ake kira CANP, ka gaya wa sojoji wuri da lokaci awoyi kafin ka tashi, su sa a shirinsu.

Kewayen sansani akwai yankin zirga-zirgar jiragen soja da ake kira MATZ, mil biyar kowane gefe har ƙafa 3,000, da hannu mai tsawon mil biyar a layin sauka. A kira tun mil 15 ko minti biyar kafin a isa. Kuma a san abin da ake roƙo: mafi ƙanƙantar sabis ɗinsu bai ɗora wa kwantirola nauyin gaya maka jirage ba, sai ka nemi na bayanin zirga-zirga da sunansa.

Tsohon Kwantirola:
Wannan ta ƙarshen haka take a Amurka ma. Bibiyar rada ana bayarwa ne in aiki bai yi wa kwantirola yawa ba, kuma ba ta ɗauke maka nauyin duba ba. In an kira maka jirgi ba ka gan shi ba, kar ka yi ta cewa kana dubawa har lokaci ya ƙure. Faɗi ba ka gani ba, ka nemi a ba ka inda za ka juya. Agogon da ake kira maka don nuna ta inda jirgi yake, ƙarfe biyu ko ƙarfe goma (sha biyu shi ne gaba kai tsaye), a kan hanyar da rada ta ga kana bi yake, ba inda hancinka ke kallo ba. In iska ta sa ka karkace digiri 20, sai ka gyara. Kalmar nan take kuwa in ta fito, a cire otofailot a juya da hannu. A gudun 250 da karkata digiri 30, faɗin da'irar juyi ya kusa kilomita shida.

Ɗan Tudun Jukun:
Malamai, a kawo ta gida kaɗan. Kwalejin koyon tuƙin jirgi na Zariya, makarantar sojan sama ta farko na Kaduna, masu koyon jirgin soja L-39 na Kano, jiragen yaƙi Super Tucano na Kainji, kuma filaye irin Kano da Maiduguri soja da farar hula ke amfani da su tare. Abin da muke da shi wanda bai dami Karolina ba shi ne hazo. Ƙa'idar tafiya da ido ƙasa da ƙafa 10,000 ita ce gani ya kai kilomita biyar. Ɗauki lissafin Kyaftin: mita 5,000 a raba da 267, sakan 19 ba kaɗan. Cire 12.5, saura shida. Wannan in ka gan shi a daidai lokacin da ya fito daga ƙurar ke nan, jirgi ruwan toka a cikin hazo. In kana fuskantar rana da safe ko da la'asar, biyar ɗin da aka ba ka a hasumiya ba ita kake gani ba. A watannin hunturu, ko an ce ya halatta, taswirar wuraren da aka killace da NOTAM da rediyo su ne abin riƙo, kuma a hau saman ƙurar in tana da iyaka.

Ɗalibin Tuƙi:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya. An yi duk wannan, sai ga shi a gabana ya fara kumbura. Dama zan yi kamar yadda doka ta ce, ko sama, ko ƙasa?

Mai Fiffike:
In da sauran lokaci kuma gaba da gaba ne, dama, shi ma ita zai yi. Karkata sosai, digiri 45, ba 'yar lallaɓa ba. A wannan karkatar kana gusawa gefe kusan mita 44 cikin sakan uku, kuma fiffikenka ya buɗe ya zama abin da za a iya gani. In ya riga ya cika gilashi, juyi ya makara, don sai ka karkata tukuna kafin jirgi ya fara barin layinsa. Sitiyari gaba ko baya ya fi saurin amsawa. In yana saman layin da sama ta haɗu da ƙasa, ya fi ka tsayi, tura. In yana ƙasan layin, ja. Kar ka tsaya jiran hawan inji, ƙafa 700 a minti bai kai ƙafa 12 a sakan ba, saurin da ke jikin jirgin za ka sayar.

Ɗan Barikin Sama:
In yana daidai kan layin, ni na fi son ka tura. Matuƙin yaƙi in ya firgita ja yake yi, haka aka horar da hannunsa, kuma jirginsa na iya ɗaukar ninki tara na nauyinsa, naka kusan huɗu ne kawai. In kuka ja tare a sama za ku haɗu. Sai dai in ka bi ta ƙasansa ka shirya wa guguwar da ya bari, tana sauka ƙasa, riƙe sitiyari da kyau kar ka yi fizga.

Mai Fiffike:
Yallaɓai, a ƙafa 3,000 na yarda. A ƙafa 500 a cikin kwari ba inda zai tura. Shi ya sa maganar Malama ta fi ƙarfi a wurina: in yana sama da hanyar tun farko, sojan zai gan shi a jikin farin sama maimakon cikin gonaki da bishiyoyi, kuma sojan ne mai jirgin da zai iya kaucewa cikin sakan biyu.

Malama Taswira:
Bayan an sauka lafiya a kai rahoto, ko da ba a taɓa juna ba. A Amurka tazarar da ta gaza ƙafa 500 ana ɗaukarta kusan-karo. Gaya wa kwantirola a rediyo tun kana sama cewa za ka shigar da rahoto, don a adana hoton rada da muryoyi. Rubuta lokaci, wuri, tsayinka da saitin altimita, inda hancinka ke kallo, jirage nawa ka gani da ta inda suka ɓullo. Manyan sansanonin sojan saman Amurka suna da jami'in kiyaye haɗurra da ke raba wa ƙananan filayen kewaye 'yar takarda mai nuna hanyoyin shigarsu da fitarsu da tsayin da suke bi. Ɗalibi, in makarantarku na kusa da sansani, tambayi malaminka ita kafin tafiyarka ta farko kai kaɗai.